Wandon Onarebul

Shekara talatin da biyu Malam Tela yana taka keke a shago ɗaya, kuma ba a taɓa dawo masa da ɗinki ba. Shi ke faɗa, amma gaskiya ce. Mutum ne mai kafiya: ɗinkin tsakiyar wando sau biyu yake bi, aljihu kuma a karkace yake yankawa, ko kana so ko ba ka so. Cikin masu kawo masa aiki har da ɗan majalisarsu, wanda ake kira Onarebul, tun yana malamin makaranta mai riga biyu.

Ran nan da hantsi 'yarsa ta faɗo shago, waya a hannu.

"Baba, duk inda na buɗe Onarebul ake yi!"

"Muƙami aka ba shi?"

"Ina fa! Duba ka gani."

Bidiyo ne na wajen taro. Onarebul ya sunkuya zai dasa itace, sai wando ya ce ɓarr, har a lasifika. An sa masa kiɗa, an maimaita sau uku. A ƙasa mutane sai tambaya suke: wane tela ne wannan? Wani ma ya rubuta sunan layinsu.

Malam Tela kuwa sunansa ne kaɗai jarinsa. Ya ɗauko tabarau.

"Tsayar da shi nan. Matso mini da hoton. Ƙara."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tsaki.

"Aljihu a miƙe, ɗinki layi ɗaya. Wallahi ba hannuna ba ne."

"Alhamdu lillahi, ka fita ke nan!"

Ya fita kam, amma abin ya ƙona masa rai. Wato Onarebul ya canza tela, ko sallama babu.

Bayan kwana biyu sai ga direban Onarebul da yadi turmi biyar, yana sosa ƙeya.

"Oga ya ce a gaishe ka. Wai a ɗinka da tsohon awonsa."

Malam Tela bai ko ɗaga ƙafa daga keke ba.

"Ajiye can. Ka ce masa ya zo da kansa in gwada shi. Ya ƙara ƙiba, duniya duk ta gani."