Gutsuren Burodin Kaka

Har yau in na ji ƙamshin burodi mai zafi, Kakana nake tunawa, mahaifin babana. Kuku ne shi a GRA tun yana saurayi. Ya dafa wa Turawan Ingila, ya dafa wa Jamusawa da 'yan Holan masu haƙa rijiyoyi. Boko bai yi ba, amma akwai shi da kunne. Yakan ce na Ingila su ce bread, Bajamushe ya ce Brot, ɗan Holan ya ce brood, mu kuma muka ara muka ce burodi. Wai duk gida ɗaya suka fito, neman abinci ne ya watsa su. Mu jikoki mu yi ta dariyar yadda yake murguɗa baki, shi kuwa ko a jikinsa.

A daminar da mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa Maiduguri gudun hijira, wata mata ta faɗo gidanmu a Limanti da 'yarta, tsarata. Ba mu san su ba, Hausarta ma 'yar kaɗan ce. Da aka kwana biyu babana ya ce su nemi sansani. Kada ka ga laifinsa, kasuwa ta mutu, mu kanmu da ƙyar ake ɗora tukunya.

Safiyar da za su tafi muna shan shayi, ruwa na zuba, burodi ɗaya tal a faranti. Kaka ya ɗauka. Ya ce wata tsohuwar Bajamushiya da ya yi wa aiki, wadda ita ma yaƙi ya taɓa kora daga garinsu, ta gaya masa cewa tun asali kalmar burodi gutsure take nufi. Ya gutsura, ya miƙa wa yarinyar, sannan ya dubi babana.

"Ɗakina ya yi mini yawa. Su shiga, ni zan koma zaure."

"Baba, da sanyin nan?"

"Na riga na faɗa."

A zauren nan ya ƙare rayuwarsa, bai taɓa ƙorafi ba. Wallahi ban ga namiji irinsa ba, Allah Ya jiƙan sa.

Yanzu da nake karatun harsuna na tarar masana sun rabu, wasu na cewa gutsure, wasu na danganta kalmar da tashin ƙulli. Da yana raye da mun sha musu. Limanti ta canza, zauren ma ya zama shagon cajin waya. Yarinyar nan kuwa bara aka ɗaura mata aure. Da liman ya tambayi waliyyinta, babana ne ya amsa.