Mun Cike Kududdufin Yaya Garba

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba mai lambu, na wajen Ƙofar Dawanau. Allah Ya jiƙansa. Ya tafi soja na kan mulki, bai ga farar hular nan da muka yi ta ɗokinta ba. Wani lokacin sai in ce gara ma da bai gani ba.

Duk wanda ya san unguwarmu ya san kududdufin bayan gidanmu. A bakinsa Yaya ya kafa jigo, yana ɗebo ruwa yana ba alayyafo da latas da yakuwa tun daga kaka har bazara. In rani ya yi nisa ruwa ya janye, sai ya bi gida-gida yana fito da magidanta, a shiga a haƙo ƙasar yaɓe. Kowa ya gyara katangarsa, kududdufi ya ƙara zurfi, ruwan damina ya sami inda zai zauna. Ni kam na tsani aikin nan. Ina malamin makaranta, a ce in shiga taɓo har gwiwa? Sai ya miƙo min kwando yana dariya, ya ce, "Malam na boko, in ba ka haƙa wa ruwa makwanci ba, a ɗakinka zai kwana."

Da aka yi zaɓe, sabon kansila ya tara mu ya ce kududdufi gidan sauro ne, za a cike shi a yi shaguna. Wallahi ni ne na fara tafi. Ni ɗin nan! Tifa ta yi ta juye shara da ɓaraguzai, jigon Yaya kuma aka faskara aka yi girki da shi. Da yana raye na san zai tsaya a gaban tifar nan ne ko da shi kaɗai.

Damina biyu ke nan ruwa ta zaure yake shigo mana. Katangar ɗakin Yaya ta sha ruwa ta tsage, hannu yana shiga. Matarsa, Yaya Hajara, tana ciki har yau, ƙafafunta ba sa ɗaukarta sosai. Ƙasar da za a yi gyara da ita tana ƙarƙashin shaguna. Na koma wurin kansila har na gaji da kaina, kullum sai a ce in yi haƙuri. Yanzu da na ga hadari ya haɗo daga gabas, tsoro nake ji kada ɗakin nan ya rufta da ita.

Ina ta tunanin me ya rage na Yaya. Lambun babu, kududdufin babu, masu fitowa haƙar ƙasa sun watse. Abin da ya rage shi ne yaɓensa na ƙarshe a jikin katangar nan, da sawun yatsunsa biyar-biyar tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai.

Shekaranjiya na kawo mata babbar leda ta rufa a kan gadonta, tunda rufin na yoyo, na roƙe ta ta dawo ɗakina kafin a ga abin da Allah zai yi. Jiya aka yi ruwa da la'asar, na shiga da gudu na tarar da ita zaune a kan jiƙaƙƙiyar katifa. Ledar tana waje, ta lulluɓe katanga da ita, ta danne da duwatsu.

Na ce, "Haba Yaya Hajara!"

Ta ce, "Malam, ni zan bushe. Hannunsa in ya wanke, shi ke nan."