Ranar da Lawban Ta Rufe Shago

Bazara ce, kuma shekarar ta zo mini da nauyi, kamar tulun da aka ɗora wa mutum aka rasa mai sauke masa. Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ƙanena mai sayar da wandunan jins. Shi ya matsa in raka shi Guangzhou in duba masa ɗinki, tunda keke ce sana'ata. Na bar 'yata ta fari kwance, wai cikinta yana ciwo. Ciwon nan da lokacin makaranta yake zuwa, ranar Asabar kuwa ba ya leƙowa.

Tana aji biyar a firamaren gwamnati ta unguwarmu. Kafin malam ya gama rubuta lissafi a allo, ta gama shi a ka. Sai a aike ta sayo wa malamai ƙosai, ko a ba ta tsaron aji. Yarinyar da take tambayata me ya sa wata yake bin mu in muna tafiya, ta koma ba ta tambayar komai. Da wannan na hau jirgi.

Mun sauka filin jirgin Baiyun ana yayyafi, iska a jiƙe kamar tsumman da ba a matse ba. Tituna hawa kan hawa, dogayen gine-gine sun cusa kawunansu cikin gajimare. Ni da na koyi karatu da girmana a ajin yaƙi da jahilci, nake alfaharin karanta duk allon da na gani, sai ga ni na koma gidan jiya. Rubutunsu kamar ƙananan gidaje masu tagogi, na yi ta leƙawa ban ga kowa ciki ba. Mun ci taliyar da ake ja da hannu a shagon wasu Musulmin ƙasar. Da ƙanena ya juya mini kuɗin kwano ɗaya zuwa naira, sai da na ajiye tsinkayen cin, dama can ba su yi mini biyayya ba.

Xintang, garin wanduna, shuɗi ne ko'ina, har warin rinin ya tuna mini marinar gida. Tafintarmu wata 'yar Zangon Kumasi ce mai harkar tura kaya, mace mai dariya da dukan jikinta. Ta kai mu shagon wata 'yar ƙasar da suke kira lawban, wato mai shago. Muna tsakiyar ciniki, wajen la'asar, matar ta dubi agogo ta fara jawo ƙofa.

"Lawban, saura baƙaƙen wandunan!" in ji ƙanena.

"Mayo, mayo," ta ce, wato babu, ta ɗauki lemarta.

'Yar Zango ta yi mana bayani. Ɗan matar yana da saurin ganewa, har barci yake a aji don ya riga kowa gamawa. Iyayen yara irinsa suka haɗu, suka yi ta zarya makarantar gwamnatin unguwarsu, har aka ba su malamin da zai riƙa ba yaran aiki mai tauri da yamma. Ranar taronsu ce, kuma ko sarki ne ya zo sayen wando, sai dai ya jira.

Hanyarmu ta bi ta ƙofar makarantar. Na ga iyaye da kakanni tsaye da lemomi kala-kala, ruwa yana sauka a hankali, fitilu sun fara kamawa. Na tsaya kamar mai mafarki. Sai na ji bakina yana ba 'yar Zango labarin tawa yarinyar.

"To Hajiya, me kika ce wa hedimasta?"

"Ai 'yar fari ce," na ce ƙasa-ƙasa. "Ko sunanta ba na faɗa, balle in je gaban maza ina cewa tana da ƙwaƙwalwa. A ce ba ni da kunya? Ga bakin mutane."

Ta yi dariya har da dafa bango. "Ku Kanawa! Kunyar ce za ta koya mata lissafi? Ki zuba mata ita a kwano ta ci mana!"

Na yi murmushi kawai, amma maganar ta bi ni har cikin jirgin dawowa. Muna saman gajimare, fari fat kamar audugar da aka shanya, na tuna maƙwabciyata. Ita ma ɗanta na fari haka yake, rediyon gidansu ya kwance ya mayar, a aji kuwa ana ce masa fitinanne. Ita ma kunya ta rufe mata baki. Amma ai al'ada ba ta hana mace yabon ɗan wata ba.

Mun iso gida lafiya bayan magariba, kaya suna biyo mu a baya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, yaro mai sauri shi ma mabuƙaci ne, kuma makaranta ba ta jin murya ɗaya, sai an taru.

Washegari da safe na yafa mayafi na shiga gidan maƙwabciyata, na faɗa mata shawarata. Ta jawo takalmanta. A hanyar makaranta muka biya wa wasu iyaye mata biyu. Hedimasta ya same mu zaune a benci ƙofar ofishinsa, ya tambaya ko lafiya. Na nuna maƙwabciyata na ce, "Malam, na zo ne a kan ɗan wannan baiwar Allah." Ita kuma ta gyara zama ta ce, "In ta gama, ni ma ina da magana a kan 'yarta."