Yadda Na Bar Albashi Na Shiga Cinikin Sunayen Intanet

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan fili, ban taɓa zaton wata rana nawa zai shigo ba. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna nan Yamai da ransu, wasunsu ma kullum sai mun gaisa.

Lokacin da abin ya fara, ni sakatariya ce a wani biro, wato ofis, mai sayar da tikitin jirgin sama a unguwar Filato. Gidanmu yana Harobanda, ƙetaren kogi, ni da maigidana da ƴaƴanmu biyu. Shi mushe ne, yana koyar da lissafi a kolej. Kullum da safe sai in tsallaka gada cikin cunkoso, in zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, har bayan la'asar. Albashina ba ya sa mutum kuka, ba ya kuma sa shi dariya. Ni kuwa ɗiyar ɗan kasuwa ce. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, daga Maraɗi ya zo da fataucin hatsi, kuma tun ina ƙarama nake jin yana cewa mai jiran ƙarshen wata ba ya da ikon kansa. Maganar nan ta zauna mini a rai, har na riƙa ganin kujerata kamar turke.

Wata rana shugaban bironmu ya fito a gigice, ya ce shafinmu na intanet ya kusa kuɓucewa, in yi maza in biya. A nan na fara sanin cewa sunan da ake rubutawa a shiga shafi ba sayensa ake yi dindindin ba, haya ake biya duk shekara, in ka bari ta wuce kowa na iya ɗauka. Da na bincika sai na tarar akwai mutanen da sana'arsu ke nan: su riga kowa kama suna mai kyau da araha, su ajiye, ranar da wani kamfani ya buƙace shi su sayar masa da riba. Na ce ashe wannan cinikin filaye ne, sai dai babu ƙasa babu siminti. Na riƙa kallon bidiyon masu koyarwa a lokacin hutun rana. Na gwada kama ƴan sunaye kaɗan. Ba a daɗe ba wani mutum daga wata ƙasa maƙwabciya ya rubuto yana son ɗaya daga ciki, wata kalmar Faransanci da ta shafi hayar mota. Abin da ya biya ya fi albashina na wata. Yau in aka tambaye ni abin da ya fi cutar da ni a harkar nan, zan ce wannan sa'ar ta farko, domin ta zo tun ban san komai ba, ta sa na ɗauka na san komai.

Na gaya wa maigidana zan ajiye aiki. Bai hana ni ba, mutum ne da ba ya son tilas. Ya dai ce in yi haƙuri in riƙe duka biyun har shekara ta zagayo, in ga ko cinikin zai maimaita kansa, domin tsuntsu ɗaya da ya faɗa tarko ba ya nuna garke na tafe. Na ce masa shi ya saba da lissafin allo, ni jinin kasuwa ne a jikina. Har yau ina jin kunyar wannan magana. Sai ya ce Allah ya sa alheri.

Na ajiye aiki. Na kwashi adashena, na haɗa da ƴan kunnen zinariya na aure, na zuba duka cikin sunaye. Mafi yawansu kalmomin Ingilishi ne, harshen da ba na ji sosai, don kawai na ji masu bidiyo na cewa can kuɗin yake. In na ga kalma ta yi mini daɗi a ido sai in kama. Daga nan na zauna jiran masu saye. Wata ya wuce, wani ya bi shi, ko sallama babu. Ina zaune a ɗaki cikin zafin nan na Yamai, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke in koma ƙarƙashin itacen bedi da waya a hannu, ina buɗe saƙonni ina rufewa. Maƙwabta suka fara raɗe-raɗin korata aka yi. Mahaifiyata ta tambaye ni wai me nake sayarwa, na ce sunaye. Ta dube ni ta ce, to, su waɗanda ba a yi musu suna ba ne suke zuwa saye? Na yi dariya, amma da na koma gida sai da na yi kuka. Duk nauyin gida ya koma kan maigidana. Ya fara koyar da ƴaƴan mutane da yamma bayan an tashi daga kolej, ya dawo muryarsa a dushe, bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Sai ga shekara ta kusa zagayowa, kowane suna yana jiran a sabunta hayarsa, ni kuwa hannuna wayam. A nan ne na yi abin da ya sa nake rubuto muku. A wani zauren waya na masu irin wannan harka, wani ya ce hanya mafi sauri ita ce ka nemi babban shago da ya yi suna amma bai buɗe shafi ba, ka kama sunansa, ranar da ya farga dole ya zo wurinka. Zuciyata ta ƙi abin, amma na danne ta, na ce ai ban karya ƙofar kowa ba. Na shiga Babbar Kasuwa kamar mai sayayya, ina bin layi ina karanta allunan shaguna. Na kama sunayen wasu daga ciki, har da na wani babban shagon atamfa da turaren wuta da duk matan gari suka sani. Ba a jima ba ɗan mai shagon, wanda ke karatu a waje, ya rubuto cikin ladabi. Ya ce yana son buɗe wa mahaifiyarsa shafi, ya tarar an riga shi, ko zan sakar musu. Na yanka masa farashin da ni kaina na san zalunci ne, na ɓoye sunana, na zauna jira.

Ana cikin haka aka yi bikin suna a gidan wata ƴar'uwar maigidana. Ina cikin masu raba abinci, aka ce in kai wa manyan baƙi a falo. Cikinsu akwai wata Hajiya mai cikar kamala, mutuniyar Damagaram, ana ta girmama ta. Ina durƙushe ina zuba mata dambu sai na ji tana ba matan labari, wai wani ɓarawon zamani ya sace sunan shagonta a intanet, ya ce sai an fanshe shi kamar wanda aka kama a daji. Ta ce sunan nan ba ita ta ƙirƙira ba, laƙabin da mahaifiyarta ke kiranta da shi ne, da shi ta fara tallan turare a kan faranti tun ba ta da rumfa. Ta ce ta hana ɗanta biya, ta kuma hana shi kai ƙara, ta bar mutumin da Allah. Matan suka yi ta tsine wa ɓarawon. Ita kuwa ta juyo ta karɓi kwanon daga hannuna, ta ce Allah ya yi mini albarka. Wallahi ban san yadda na fita daga falon nan ba.

Da muka koma gida na zaunar da maigidana na faɗa masa komai. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce asarar dukiya ba ta taɓa damunsa ba, amma wannan ta dame shi. Ya ce in na yarda, gobe zai ɗauke ni a moto, wato babur, ya kai ni kasuwa, amma bakin shagon zai tsaya, ni zan shiga da ƙafata.

Na samu Hajiya zaune tsakanin ɗaurin atamfofi. Ta gane ni, ta tare ni da fara'a. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ɓarawon da kika bari da Allah jiya, ni ce."

Ta ajiye carbinta, ta dube ni. Ta ce, "Ɗiyata, ke? Yunwa ce ko son zuciya?"

Na ce, "Da son zuciya na fara, yunwa ta ƙarasa."

Ta sa yaran shagon suka ba mu wuri, ta ce in ba ta labari tun daga tushe. Na ba ta. Ta saurara kamar yadda ƴan kasuwa ke sauraro, tana tambayar yadda ake saye, da yadda ake sayarwa, da wanda ke biyan haya. Da na gama sai ta ce sana'ar ba ta da laifi, ita ma ta taɓa kama rumfa a bakin hanya tun kasuwa ba ta iso wurin ba, ta sayar da riba. Amma ta ce wanda ya riga kowa zuwa fili ɗan kasuwa ne, wanda ya zauna a ƙofar rumfar wani ya ce sai an biya shi kafin a shiga, wannan sunansa daban. A ranar na mayar wa ɗanta sunan. Ta yafe mini, ta kuma ce maganar ba za ta fita daga bakinta ba. Har yau ba ta fita ba.

Sauran sunayen shagunan ma na bi masu su ɗaya bayan ɗaya na miƙa musu. Wani ya yi godiya, wani ya zage ni, wani bai ma gane abin da nake nufi ba. Tarin kalmomin Ingilishin nan kuwa na rufe ido na bar mafi yawansu suka tafi, da zinariyata a cikinsu. Na sauke girman kai na nemi aikin rabin yini a wani shagon buga takardu kusa da jami'a, don in daina ciniki da tsoron abin da za a dafa gobe.

Daga nan na sake farawa, a hankali, da abin da na sani. Na daina neman kalmomin wata duniya, na koma kan namu: albasa, kilishi, zogale, fata, hayar gida, ɗinki, da Hausa da Faransanci, kalmomin da ba mallakar kowa ba ne amma masu sana'a za su so su. Kafin in kama suna sai na tambayi kaina wane ne zai saye shi, in ban iya kawo mutum a raina ba in bar shi. Na kuma daina zaman jira. Na riƙa zuwa wurin mutane da kaina ina yi musu bayani. Ciniki na farko da na ci da kwanciyar rai, wata ƙungiyar mata ce masu sarrafa zogale da ke son kai kayansu waje. Shugabarsu ta ce sunan ya zauna musu kamar an auna. Ribar ba ta kai ta wancan na farko ba, amma ranar na sayi nama na kai gida, muka ci muna dariya. Hajiya ma ta riƙa turo mini ƴan kasuwa, in kama musu sunayen shagunansu da sunansu, in riƙa tuna musu lokacin sabuntawa, su ba ni ladan aiki. Wannan ɗan abin da ke shigowa a kai a kai shi ya riƙe ni a watannin da babu ciniki, kuma irin waɗannan watanni har yanzu suna zuwa.

Sai da na shekara biyu haka kafin in bar aikin rabin yinin. A wannan karon maigidana ne da kansa ya ce lokaci ya yi. Yanzu da wannan sana'a nake ci, nake taimaka wa gida. Ban yi arziki ba, amma ina kwana ba da fargabar a gane ni ba.

Ƴan'uwana, musamman matasa da ke ganin bidiyon masu cewa sun kwanta talakawa sun tashi attajirai, sana'ar nan gaskiya ce, ana ci da ita a nan Yamai, amma ta mai dogon numfashi ce. Kada sa'ar farko ta sa ku saki igiyar da ke hannunku. Kada ku zuba abin da in ya tafi gida zai girgiza, kada ku sayi kalmar da ba ku san mai sonta ba. Ku saurari na kusa da ku ko da bai san intanet ba, domin ya san ku. Abin da ya fi duka, kada matsi ya kai ku ga taɓa sunan da wani ya yi shekaru yana ginawa da guminsa. A bayan allon waya mutum ba ya ganin fuskar wanda yake cuta, shi ya sa abin yake zuwa da sauƙi. Ni Allah ya nuna mini fuskar tun da sauran damar gyarawa, ya kuma haɗa ni da mai yafiya. Ba kowa ke samun haka ba. Ku fara da tsabta tun ranar farko, ku yi haƙuri, kasuwar tana da faɗi, kowa zai samu inda zai shimfiɗa tabarmarsa.