Ranar da Baba ya shiga rediyon coci

A shekarar zaɓen da nake ba da labari, keken ɗinkina yana barandar gidanmu na haya a unguwar Maamobi, nan Ghana, daidai ƙarƙashin tagar maƙwabciyarmu Anti. Duk abin da rediyonta ya faɗa sai na ji, ko ina so ko ba na so.

Anti Kirista ce, 'yar ƙabilar Ewe, ta tare a gidan tun kafin a haife ni, tana sayar da dokunu, wato dafaffen ƙullin masara, da soyayyen kifi a bakin titi. Hausarta irin ta Zango ce zalla, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi, ba ruwanta da mace ko namiji. "Kai yarinya, ka ci abinci?" haka take ce mini har na girma. Rediyonta kuwa tasha ɗaya ya sani, ta coci. Da zaɓe ya matso sai waƙoƙi suka ragu, masu cewa an yi musu wahayi suka yi yawa. Wannan ya ce ya ga ɗan takara kaza a kan kujera cikin mafarki, gobe wani ya zo ya rantse cewa ɗayan aka nuna masa. Matan gidanmu suna wanki suna dariya, Anti ma tana taya su. Mutum ɗaya ne ba ta yarda a yi surutu idan yana magana: wani fasto mai shirin safe, wanda take kira Osofo, wato fasto da yaren Twi. Shi ba ya faɗin mafarki, waya yake buɗewa mutane su kira.

Wata Talata wani mutum ya kira ya ce, da Twi, kowa ya san yaran Zango 'yan siyasa ke ɗauka su tayar da rikici ranar zaɓe, don haka Kiristoci su yi addu'a Allah ya kare su daga Nima, babbar unguwar Zango da ke maƙwabtaka da mu. Na tsayar da keke. Kafin in ce komai Anti ta fito, hannunta duk ƙullin masara.

"Ɗauki wayana, buga mini lamban nan. Maza!"

Sai a bugu na biyar ta shiga. Na kara mata wayar a kunne, muryarta tana fita ta bakinta tana kuma fitowa ta taga. Ta ce ita Kirista ce, a Zango ta haifi 'ya'yanta, ranar da mijinta ya mutu samarin masallaci ne suka kafa rumfa suka jera kujeru. Ta ce a ɗakin da ke jikin nata akwai dattijo, idan ana son sanin Zango a zo a tambaye shi, a daina tambayar mutanen da ko gadar Kanda ta bakin unguwarmu ba su taɓa ƙetarewa ba. Osofo ya yi dariya ya ce, "To Maame, ki kawo mana shi ranar Alhamis."

Dattijon nan mahaifina ne. Tsohon direban trotro ne, wato ƙaramar bas ta haya, da ya ajiye tuƙi ya zama ladanin ƙaramin masallacin layinmu. Da ya dawo na faɗa masa, sai ya zauna a kan benci ya cire hula, ya dubi Anti.

"Anti, me na yi miki? Ni da rediyon coci?"

"Alhaji, kullum da asuba kana tashe ni da lasifika, ban taɓa kai ka ƙara ba. Yanzu kai ma ka zo namu sau ɗaya."

Baba ya yi dariya har da tari, amma bai amsa ba sai da ya shawarci liman. Liman ya ce ya je, ya faɗi gaskiya, kada ya ambaci jam'iyya. Na goge masa farar babbar riga, muka kama hanya mu uku ranar Alhamis da hantsi.

Gidan rediyon a saman wani bene yake, ɗaki ne ƙarami mai sanyi. Osofo, wanda na ɗauka ƙato ne saboda muryarsa, ashe ɗan siriri ne mai tabarau. Ya rusuna ya gaida Baba hannu biyu. Da aka zo sa masa abin sauraro a kunne, hular ta hana, Baba kuma ya ce ba zai cire ba, sai aka ɗora a samanta. Ni da Anti muna bayan gilashi muna danne dariya.

Baba ya fara da sallama da Hausa, ya gaida mutanen Nima da Maamobi da New Town, sannan ya juya Twi irin ta tashar mota. Ya ce shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa tambayar fasinja addininsa ko jam'iyyarsa ba, inda zai sauka kawai yake tambaya. Ya ce gaskiya ne akwai samarin da ake ruɗa da abin da bai taka kara ya karya ba, amma a kowace unguwa akwai su, kuma masu ruɗin ba a Zango suke kwana ba. Ya roƙi iyaye, na coci da na masallaci, kowa ya riƙe ɗansa ranar zaɓe.

Can sai wata mata ta kira ta ce, tunda shi ma mutumin Allah ne, wa aka nuna masa zai ci?

Baba ya matso kusa da makirufo ya ce, "'Yata, ni lokacin salla kaɗai na sani, shi ma sai na duba agogo."

Osofo ya kifa kai a kan tebur yana dariya, sai da mai kula da na'ura ya sa waƙa.

Da muka sauka daga mota a bakin layi, ashe duk unguwa ta saurara. Mai koko da ƙosai ta aro rediyo, masu gyaran babur sun kunna a waya, shagon aski ya cika. Samari suka taso suna kiran "Ladan na rediyo!" Wani tsoho ɗan Nijar mai sayar da albasa, wanda ba ya jin Twi ko kaɗan, ya riƙe hannun Baba ya ce shi dai ya ji an yi sallama a tashar Kiristoci, kuma hakan ya ishe shi. Baba sai sunkuyar da kai yake yana cewa a bar shi ya yi alwala, azahar ta kusa.

Ranar zaɓe Baba da Anti tare suka tafi makarantar firamare inda rumfar zaɓenmu take, duk da kowa a gidan ya san ba wuri ɗaya za su dangwala ba. Ta ɗauko masa kujera saboda gwiwarsa, shi kuma ya riƙe mata lema. Suka dawo suna nuna wa juna tawada a yatsa suna gardama a kan wanda ya yi asarar ƙuri'arsa. A rumfarmu ko faɗan baki ba a yi ba, sai wata akuya da ta kutsa cikin layi aka yi ta kora.

Bayan mako biyu, mata shida daga cocin Osofo suka zo gidanmu da bandir na farin yadi. Za su yi taron godiya saboda an gama lafiya, suna son ɗinki iri ɗaya, kuma an ce musu 'yar Alhaji tela ce. Ban taɓa samun aiki mai yawa haka ba, sai da na kira ƙawata daga Nima ta kawo kekenta. Suka zauna a baranda ina auna su ɗaya bayan ɗaya, Baba ya aika aka sayo musu lemo mai sanyi. Wadda ta fi su tsufa ta ce a koya mata gaisuwar Hausa. Kafin su tafi ta iya "Sannu da aiki", ta bi ɗaki ɗaki tana faɗa wa kowa, har da wanda ta tarar yana barci.