Dattijo Mai Gwangwanin Dil

A tashar mota wani dattijo yana zaune a kan benci, ya rungume tsohon gwangwanin fenti kamar jinjiri. Rana tana dukan sanƙonsa, amma lemar da ke hannunsa gwangwanin take yi wa inuwa. A ciki wani tsiro ne siriri, ganyensa sili-sili kamar na karas. Rigar dattijon a goge take, sai dai maɓallan sun yi saɓani. Da gani mai duba masa su ba ta gida.

Matar da ke gefensa ta leƙa. "Baba, ciyawar nan wa za ka kai wa?"

"Ciyawa? Haka na ce bara, na tuge shi tas. Wata guda ana ajiye mini abinci babu magana." Ya tsinki ɗan ganye, ya murza, ya miƙa mata. "Shinshina, 'yata. Dil sunansa, maiɗakina ta shuka. Sati uku ke nan tana asibiti. Kullum na ce mata yana nan da ransa, sai ta ce, 'A hannunka?'"

Ya buɗe gorar ruwansa, ya tsiyaya wa tsiron rabi, sannan ya kurɓi saura. Da alama a shekara arba'in bai taɓa cin gardama a gidansa ba. Yau kuwa ya ɗauko shaida.

Direba ya ce a kawo kaya a sa a but ɗin mota. Dattijon ya ƙara ƙanƙame gwangwanin.

"Wannan ba kaya ba ne, ɗana. Dubiya za shi."