Shafin da ke Bangon Zaure

Autarmu tana ajin ƙarshe na sakandare lokacin da Baba ya ce ta gama boko. Inna ce ta kira ni a waya. Na bar aiki a gidan rediyo na hau motar Tsanyawa, duk hanya ina shirya maganar da zan yi ina rushewa.

Na tarar da shi a zaure, littafin auta na kimiyya a buɗe a kan buzu. Ya nuna mini wani zane: biri a duƙe, na gabansa ya ɗan miƙe, har aka kai ga mutum a tsaye.

"Ɗan rediyo, karanto mana labarai. Wanne ne kakanka a nan?"

Na ce, "Baba, littafin bai ce biri ya haifi mutum ba. Cewa ya yi halittu suna sauyawa a hankali. Ku dubi ƙwarin wakenmu. Maganin da ke kashe su a da, yanzu ko gezau ba sa yi. Waɗanda suka jure su ne suka hayayyafa."

"To sun zama tsuntsaye?"

"A'a."

"Ƙwari ne jiya, ƙwari ne yau. Wanda ya ƙera ɗan Adam daga yumɓu, Shi ya ba su juriyar."

Ni ma ban taɓa shakkar yumɓun ba, ban kuma iya ƙaryata ƙwarin ba. Na tashi, na leƙa waje, na dawo na zauna. Na ce ba wanda zai tambayi auta abin da ta yi imani da shi, abin da ke littafin kawai za ta rubuta a jarrabawa. Ya ce hannun da ya rubuta shi zai yi shaida ranar gobe.

Sai ya yage shafin, ya dunƙule, ya ɗaga hannu zai jefa cikin kwatami. Hannun ya tsaya. A saman takardar akwai Bismilla da rubutun auta. Shi ya koya mana tun muna makarantar allo: kada a fara kowane karatu sai da sunan Allah. Ita kuwa ta ɗauki abin har kan kowane shafi.

A gidanmu takarda mai sunan Allah ba ta taɓa ƙasa. Baba ya warware ta, ya shafe ta a kan cinyarsa, ya cusa a tsagin bango inda yake adana irinsu.

Ya sa aka kira auta. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ke, a kan birai kika yi Bismilla?"

"Baba, ai karatu ne."

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce ta koma makaranta, amma shafin ba zai shiga cikin gida ba, ba kuma zai fita ba. In tana buƙatarsa, ta karanta a nan.

Da safe da zan koma Kano, na gan ta tsaye a zaure da kayan makaranta, takardar a hannunta, leɓɓanta suna motsi. Baba yana kan buzunsa, ya juya mata baya. Na yi musu sallama. Har motar ta wuce gonakinmu ina sake gardamar a raina, wani lokaci da muryata, wani lokaci da tasa.